Ranar da Lambobi Suka Sauya Gona

Ku yi haƙuri da ni masu karatu, yau rubutun sai yadda ya zo. Abin da zan ba ku ya faru ne ranar Asabar ɗin da gidanmu ya daɗe yana jira, ranar da magabatan Najmuddeen za su zo Gwarzo neman aurena.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ikilima, 'yar farin Malam Badamasi mai Islamiyya. Ilimin kwamfuta na karanta, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina aiki da wata ƙungiyar masu bincike kan noma. Shekaruna sun doshi talatin, kuma a unguwarmu wannan kaɗai ya isa a riƙa yi wa mahaifiyarki jaje a gidan suna. Ba rashin manema ba ne. Duk wanda ya zo, da hira ta yi nisa sai ya ce, "To, ita wannan kwamfutar ai ajiye ta za a yi ko?" Ni kuma sai in ajiye shi. Najmuddeen ne kaɗai bai taɓa faɗin haka ba. Tare muke aiki, shi yana ofishinmu na Kabo, ni ina yi daga ɗakina. Shi ne ranar da cajata ta ƙone ya ɗauko tasa a babur cikin tsakar rana ya kawo min har ƙofar gida, ya tsaya yana share gumi yana cewa wai hanya ce ta biyo da shi.

Tun ranar Juma'a Gwaggo Marka, yayar Baba, ta dira daga Kara da zakaru a ɗaure da ƙullin daddawa. Tana shigowa ta karɓe gidan. Ta sa aka wanke tsakar gida har ƙarƙashin randa, aka soya cincin da dubulan, aka jiƙa zoɓo da aya. Da safiyar Asabar ta zaunar da ni a kan kaskon turaren wuta, ta lulluɓe ni da bargo kamar mai zazzaɓi.

"Gwaggo, ai mazan a zaure za su zauna. Ko inuwata ba za su gani ba."

"Ƙamshi zai isa zauren. Rufe min baki."

Ta ƙunsa min lalle a hannun hagu, ta rataye sabuwar atamfata mai ruwan makuba a jikin ƙofa, ta fita tana guɗa ƙasa-ƙasa. Inna kuwa, da yake ba ta kama sunana, sai ta leƙo ta ce, "Ke yarinyar nan, kin karya kuwa?" Ta koma tana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarta ba.

Ni dai zama ya gagare ni. In tashi, in zauna, in duba waya, in kife ta. Da na rasa inda zan sa kaina sai na jawo kwamfuta da hannun daman da ba lalle, na ce bari in leƙa aiki ko na samu natsuwa.

Bari in ɗan fayyace muku aikin, don ku gane abin da na gani. Muna da 'yan na'urori da aka binne a gonakin mutane, daga Kara da Mainika da Sabon Birni har ɓangaren Kabo. Kowane mako suna auna danshin ƙasa. Damina uku ke nan ana tara lambobin a wani makeken tebur, irin wanda masu lissafi ke ce wa matrix. Kowane layin kwance gona ɗaya ce, kowane layin tsaye mako ɗaya ne. Da wannan tebur ake gane gonar da ke riƙe ruwa da wadda ke shanyewa, sai a tura wa manomi saƙo a wayarsa: kai shuka yanzu, kai jira ruwa ya zauna, kai iri mai saurin nuna ne ya dace da kai.

Duk lambobin nan a cikin wata tsohuwar kwamfuta suke a ofishin Kabo, ita muke ce wa tsohon rumbu. An ba Najmuddeen aikin kwafe su zuwa sabon rumbu da ke intanet. Ni kuma aikina in tantance bayan ya gama, kafin a tura wa kowa saƙo. Mun yi da shugabarmu, Dakta Halimatus Sa'adiya da ke Kano, cewa ranar Litinin zan yi tantancewar.

Na buɗe sabon rumbun na ce kwamfuta ta zana min teburin da launi, danshi shuɗi, bushewa ja. Abin da ya kamata in gani a fili yake: makonnin rani su yi ja daga sama har ƙasa, makonnin damina su yi shuɗi, tunda ruwan Agusta ba ya zaɓar gona. Amma da zanen ya fito sai na ga ratsi-ratsi a karkace, ja da shuɗi suna ratsa juna kamar saƙar tabarma.



Na nemo layin gonar Baba ta Mainika. Gonar nan jigawa ce, na san ta tun ina bin Inna kai abinci, ko da safe aka yi ruwa kafin azahar ta bushe. Sabon rumbu ya ce wai a tsakiyar Maris, lokacin da ko akuya ba ta samun abin lasa, gonar Baba jagab take da ruwa. A Agusta kuma wai ƙaƙas.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan take na gane. Tsohon rumbu da tsohon yaren kwamfuta mai suna Fortran aka rubuta shi, kuma shi a tsaye yake jera lambobi: makon farko na dukkan gonaki, sannan mako na biyu. Sabon kuwa a kwance yake karantawa: gona ta farko da dukkan makonninta, sannan gona ta biyu. In ba ka gaya wa shirin da ke kwafar yadda aka jera ba, zai ɗebo danshin wani ya zuba a gonar wani, kuma ko tari ba zai yi ba.

Na ɗauki waya na rubuta wa Najmuddeen.

"Injiniya, kana ofis?"

"Amarya da kanta. Ina ofis, amma zuciyata tana Gwarzo. Baffa Maikuɗi ya sa babbar rigarsa tun safe, sai zagaya gida yake."

"Teburin danshi, da ka kwafa ka juya shi?"

Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Yau ma aiki? Na duba komai lafiya. Ki je ki sha turarenki."

Na kira shi kawai. Ya ɗauka da dariya a bakinsa, ina jin ƙarar fankar ofis a bayansa.

"Najmuddeen, lambobin sun cakuɗe. Gonar Baba ta zama fadama a watan Maris."

"Haba Ikilima. Na ƙirga adadinsu a tsohon da sabon, daidai. Na tara jimlarsu, daidai har ɗigo."

"Ko a buhu ka zuba su ka girgiza, adadi da jimla ba za su canja ba. Wurin zamansu ne ya canja."

Na san na taɓa masa girma.

"To ki bari sai Litinin ki duba a natse. Ni yanzu ina da aiki. Bayan azahar zan goge tsohuwar kwamfutar, sabon ma'aikaci za a ba ita."

"Kada ka goge! Don Allah kada ka taɓa ta. A dunƙule ɗaya ka kwafa ko a gutsure?"

"A gutsure mana, kin san netwok ɗin Kabo. Ya yanke, in ci gaba, ya yanke, in rage girman gutsuren."

Na dafe kai da hannun lalle, ban ma lura ba. Da a dunƙule ɗaya ya kwafa, juyawa kawai zan yi komai ya koma mazauninsa. Amma gutsure manya da ƙanana, kowanne ya cakuɗe a cikin kansa, ba wanda ya san inda wani ya fara ko ya ƙare. In aka goge tsohon rumbu, wahalar damina uku ta zama kame-kame.

"Ikilima," ya ce, muryarsa ta sauya, "yau ba ranar nuna min ilimi ba ce. Mutanena suna shirin zuwa gidanku."

Ya kashe. Na sake kira, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na rubuta, saƙon ya shiga, bai buɗe ba.

Masu karatu, ku gaya min, da ku ne ya za ku yi? Na zagaya ɗakin nan har na rasa sau nawa. Na ce a raina ai ba zai goge ba, yana jin maganata. Wata zuciyar ta ce zai goge ne ma don ya nuna miki bai yi kuskure ba. Na kankare lallen da bai gama kamawa ba, na zura doguwar rigata ta kullum, na cusa kwamfuta a jaka.

A tsakar gida Gwaggo Marka ta tare ni da ludayi a hannu.

"Ina zuwa haka?"

"Kabo, Gwaggo. Yanzu zan dawo."

"Kabo!" Ta saki ludayin a cikin tukunya. "Garin mijin? Yau? Ke wace irin yarinya ce? Mutane na tahowa neman aurenki, ke kina tafiya kai kanki? Wallahi ba da ni a gidan nan ba. Ku zo ku ji, boko ya gama cinye mata kai!"

Inna ta tsaya a ƙofar madafa, hannunta duk gari. Murmushin nan ya tafi, kuma wannan ya fi ihun Gwaggo yi min ciwo.

Hayaniyar ce ta shigo da Baba daga zaure, tabarau a hanci. Na durƙusa.

"Mene ne?"

"Baba, ka ga kamar a ce ka rubuta sakamakon ɗalibanka kana bin su sahu-sahu a tsaye, sai mai raba takardu ya bi su a kwance. Kowa zai karɓi takarda, ba wadda ta ɓata, amma ba wanda ya karɓi tasa. Haka aka yi da gonakin mutane. Kuma asalin rubutun yau za a goge shi."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Mutane za su cutu?"

"Za su zuba iri a inda ba zai yi ba."

"Wa ya yi kuskuren?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, ina jin ya karanta amsar a ƙeyata.

"Tashi ki je. Ki dawo kafin la'asar."

"Badamasi!" in ji Gwaggo.

"Yaya, haƙƙin mutane ne."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da babban hijabinta mai ruwan toka ta miƙo min. "Rufe hannun nan, kada a ga lalle rabi da rabi." Iyakar abin da ta ce ke nan.

A tasha motar Kabo ta ƙi cika. Na zauna a baya jaka a cinya, idona a kan waya. Hadari yana haɗowa ta gabas, zafin nan mai danƙo na farkon damina ya sa hijabin Inna ya manne min a wuya. Ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, ni kuwa ji nake kamar in sauka in kama gudu da ƙafa.

Da ƙyar muka tashi. Kusa da ni wani dattijo ne mai farar hula da ta sha wanki, yana ta hira da direba, direban na ce masa Malam Mudi. Can sai ya zaro 'yar wayarsa yana fara'a.

"Ka ga masu na'urar nan sun turo min da safen nan. Wai gonata ta Sabon Birni tana riƙe ruwa, in shuka dawa mai daɗewa tun yanzu. Ni da na ɗauka jigawa ce! To ai su suka auna. Iri zan je nema wajen ƙanena."

Ashe Najmuddeen bai jira Litinin ba. Ya ga an yi ruwa, ya fara tura saƙo.

"Baba, don Allah kada ka shuka tukuna."

Ya juyo yana duban hijabi da jakata. "'Yata, ke wace ce?"

"Ina cikin masu na'urar. Saƙon nan akwai kuskure a ciki. Yau ɗin nan za a turo maka gyara."

Fara'arsa ta ragu a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "To Allah ya kyauta. Maƙwabcina dai tun hantsi ya fita da matansa da iri."

Daga nan har Kabo ban ƙara ɗaga kai ba.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a bayan wani shagon maganin feshi, da faifan sola a kan rufi. Na isa ana sallar azahar. Ƙofa a saye, ba kowa. Babur ɗin Najmuddeen a jingine a gindin darbejiya. Tsohuwar kwamfutar tana kunne a lungu, ga filashin da ake goge na'ura da shi a soke a jikinta, allon yana tambayar a tabbatar. Ya shirya komai, sallah ce kawai ta tsayar da shi.

Na zare filashin na jefa a jakata. Sai a lokacin na zauna a kujera.

Na haɗa tsohuwar da tawa, na buɗe layin gonar Baba a tsohon rumbu da sabo, gefe da gefe. Ina cikin haka na ji sallamarsa ta maƙale a ƙofa. Yana sanye da farar shadda sabuwa fil da hula zanna, ya yi aski, ƙamshin turaren da na taɓa ce masa ina so ya cika ɗakin. Wallahi ya yi kyau. Wannan ma wani ciwon ne.

"Ikilima? Me kike yi a nan? Wa ya san kin fito?"

"Zo ka gani."

Ya zo ya tsaya a bayana. Na nuna masa Maris a nan, na nuna masa Maris a can. Na zana tsohon teburin da launi, rani ya fito ja, damina shuɗiya, tsaf kamar an ja da rula. Na zana sabon, tabarma ta fito. Ina jin numfashinsa yana sauyawa. Ya jawo kujera ya zauna, ya buɗe shirin da ya rubuta na kwafar, ya bi shi layi-layi da yatsa har ya iso wurin. Harafi ɗaya ne tal bai sa ba, harafin F, wanda zai gaya wa mai kwafar cewa a tsaye aka jera.

Ya cire hula ya ajiye a tebur. Ya daɗe yana kallon allon.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Kin yi gaskiya. Mu sake kwafa yanzu, kafin la'asar an gama. Ba wanda zai sani."

"Mutanen Sabon Birni fa? Na shigo mota da wanda ka tura wa. Wasu suna gona yanzu haka."

"Sai mu tura musu sabon saƙo, mu ce an sabunta bayani."

"Ba za su fasa shuka don an ce an sabunta ba. Sai an ce musu na farkon kuskure ne. Kuma saƙo irin wannan ba ya fita sai da izinin Dakta."

Ya miƙe ya fara zagaya ɗakin, yana murza tafin hannu.

"Kin san yadda na samu aikin nan? Kin san yadda gidanmu ke kallona? Yau baffana zai zauna gaban mahaifinki ya ce ɗanmu injiniya ne. Ki rufa min asiri, Ikilima. Ba shi ne auren ba?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Na dubi idonsa da ya yi ja, na ji kamar in ce to. Sai fuskar Malam Mudi ta faɗo min, lokacin da yake mayar da waya aljihu.

"Asirinka zan rufa har in mutu, in naka ne kai kaɗai. Wannan da irin mutane a ciki. Ka kira ta, ina nan tare da kai. Kuskure ne, kowa yana yi. Dakta ba dodo ba ce."

Ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya ɗauki waya ya kira, ya sa a amsa-kuwwa ya ajiye a tebur.

Bayan gaisuwa ya ce, "Dakta, dama an ɗan samu matsala ne wajen kwafar teburin danshi. An samu cakuɗewar layuka. Kuma an riga an tura wa Sabon Birni saƙo."

Dakta Halimatu mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma ba ta barin magana a dunƙule.

"An samu, an tura. Wane ne an ɗin, Najmuddeen? Na ga rahotonka na jiya, ka rubuta an tantance."

Na ɗago da sauri. Ban san da wani rahoto ba.

Bai dube ni ba.

"Ai Dakta... ɓangaren tantancewa na Ikilima ne."

Masu karatu, akwai maganar da in ta fito ba ta da ƙara, amma sai ka ji kunnenka ya toshe. Ba ƙarya ya yi ba, tantancewa tawa ce. Sai dai ya san yadda Dakta za ta fahimce shi, kuma don ta fahimta haka ya faɗa. A gabana. Da ƙamshin turaren Gwaggo a jikina.

Na matso da bakina kusa da wayar.

"Dakta, ina wuni. Ikilima ce, ina ofishin Kabo. Ban tantance ba tukuna, Litinin muka yi da ke. Da safen nan na gani. Tsohon rumbu yana nan lafiya, yanzu zan sake kwafa. Ina neman izini in tura wa Sabon Birni cewa saƙon farko kuskure ne."



"Ki tura yanzu, kafin kwafar. Ki sa a yi da murya kuma, ba kowa ke karatu ba. Najmuddeen, za mu yi magana ni da kai."

Ta kashe. Fanka kawai ke juyawa. Na jira ya ce wani abu, ko da "yi haƙuri" ne, ko da faɗa ne. Ya ɗauki makullin babur ya fita, ya bar hularsa a kan tebur. Na ji tashin babur ɗin, ban leƙa na ga inda ya nufa ba.

Ban yi kuka ba, ba lokaci. Na naɗi saƙon da muryata: jama'ar Sabon Birni ku yi haƙuri, saƙon safe kuskure ne daga wajenmu, wanda bai shuka ba ya dakata, wanda ya fara ya tsaya. Na tura. Na sa harafin nan a mazauninsa, na kwafe teburin dunƙule ɗaya zuwa kwamfutata, daga nan na tura shi sabon rumbu. Netwok ya yanke, na jira, ya dawo, na ci gaba, ina cizon leɓe. Da ya gama ban yarda da jimla ba. Na sa kwamfuta ta gwada kowace lamba da 'yar'uwarta, gida-gida, har ta ce ba bambanci ko ɗaya. Na zana, ja ya tsaya a rani, shuɗi a damina.

Ina rufe ofis ana kiran la'asar. Wayata cike da kiran Inna.

Ruwa ya tsuge muna hanya. Na isa Gwarzo hijabin Inna ya jiƙe sharkaf, ga wata mota mai ruwan ƙasa a ƙofar gidanmu, ga takalman manya jere a bakin zaure. Na zagaya ta gidan maƙwabta na shiga ta ƙofar baya kamar ɓarauniya.

Gwaggo Marka ta figo ni ɗaki. "Sun zo tun ɗazu! Sun ci sun sha, ga goro ga alawa sun ajiye, ubanki ya ƙi taɓawa wai sai kin dawo. Kin ga irin abin da kika jawo? Cire wannan tsumman, sa atamfar!"

Ban kai ga sawa ba Baba ya yi gyaran murya a ƙofa. Ya shigo, Inna na bayansa. Ya dubi jiƙaƙƙen hijabin, ya dubi idona.

"An gyara?"

"An gyara, Baba."

"Alhamdulillahi. To saura nawa. Ban taɓa yi miki dole ba, yau ma ba zan fara ba. Mutanen nan suna jirana. In karɓa?"

Ruwa yana ta zuba a kan kwano. Inna ta kafe ni da ido, bakinta yana motsi, addu'a take. Ina son Najmuddeen, Allah ya sani. Amma duk na rufe ido sai in ji muryarsa yana miƙa wa Dakta sunana.

"Baba, ka ce musu ba a ƙi ba. Amma ba yau ba."

Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta zauna daɓas a bakin gado. Inna ta juya ta fita. Baba ya gyaɗa kai kawai, ya koma zaure.

Na kasa tsayawa a ɗakin. Na bi bayansa a hankali, na raɓe jikin bangon zaure, ruwan indararo yana zuba a kafaɗata. Na ji Baba ya zauna, ya fara da salati, yana neman kalmar da zai fara da ita. Sai wata murya mai kauri ta katse shi, muryar Alhaji Maikuɗi, baffan Najmuddeen.

"Malam, gafarta, kafin ka ce komai. Wallahi kunya ce ta hana ni magana tun shigarka ciki. Yanzu yaron nan ya kira ni. Ya ce kada mu gabatar da komai, mu ɗauki goronmu mu koma gida. Na tambaye shi dalili, ya kashe waya."

Ni da na gama cewa ba yau ba, ni ce na ji ƙasa ta zame a ƙarƙashina. Kunyata ya ji, ko fasawa ya yi? Na zaro waya da jiƙaƙƙen hannu na danna lambarsa, na manna a kunne, ina jin mutanen zaure suna neman takalmansu.

A kashe take.